Kai Shirye-shiryen Tafiya Cikin Zamani Kan Dandali: Tambayoyi da Amsoshi Ga 'Yan Wasan Sa-kai

Wannan shafi na ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne, waɗanda ba da wasan suke ci ba: ɗalibai, ma'aikatan da ke haɗuwa bayan an tashi aiki, da masoya wani shirin talabijin da suka ga kallo kawai bai ishe su ba. Yawancin misalan daga Doctor Who na Birtaniya suke, domin a cikin shirye-shiryen da jarumansu ke ratsa zamani, shi aka fi ɗauka a kai dandali.

Wane irin wasa ake magana a kai?

Wasa ne da ake yi a gaban 'yan kallo kai tsaye, wanda aka samo labarinsa ko taurarinsa daga ƙagaggen labarin kimiyya na talabijin, inda mutane ke barin zamaninsu su faɗa wani, ko na baya ko na gaba. Wasu ƙungiyoyin sukan ɗauki labarin da aka riga aka nuna su gyara shi ya dace da dandali. Wasu kuma taurarin kawai suke ara, su rubuta sabon labari. Akwai masu yin na barkwanci zalla.

Me ya sa Doctor Who ya fi sauran shiga dandali?

Tsufa na cikin dalilan. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, da William Hartnell a matsayin Dakta na farko, wato jarumin shirin mai yawo cikin zamani. Ya ci gaba har 1989, aka dakatar da shi, sannan ya dawo a 2005. Ke nan kaka da jika suna iya zama a kujeru biyu na kusa, kowa da Daktan da ya tashi da shi.

Amma babban dalilin a ganina shi ne, shirin tun asali ɗan'uwan dandali ne. A shekarun farko, a ƙaramin ɗakin ɗaukar hoto na Lime Grove da ke Landan, 'yan wasa kan kwashe mako suna gwaji, sannan a ɗauki kashi guda na minti 25 a yamma ɗaya, kusan a jere, domin yanka tef da haɗa shi abu ne mai tsada a lokacin. Idan ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, sau da yawa haka ake barin abin ya tafi. Labaran ma an gina su ne bisa ƙarancin kuɗi: mutane kaɗan a kulle a tasha guda, wani abu yana neman shigowa, magana ta fi gudu yawa. Duk ƙungiyar da ke da ɗaki, fitilu da mutum goma tana iya yin wannan.

Sai kuma dabarar sauya jiki. A 1966, da lafiyar Hartnell ta yi rauni, marubuta suka sa Dakta ya rikiɗe ya koma Patrick Troughton. Tun daga nan ya zama ƙa'ida cewa fuskar Dakta ba ɗaya ba ce. A 2017 Jodie Whittaker ta karɓi matsayin, a 2023 Ncuti Gatwa. Wannan babbar kyauta ce ga 'yan sa-kai, domin ba wanda zai ce ɗan wasanku bai yi kama da jarumin ba.

An taɓa yin sa a manyan gidajen wasa?

An yi, tun shirin yana ɗan shekara biyu. A Disambar 1965 aka buɗe The Curse of the Daleks a gidan wasa na Wyndham's a Landan, rubutun David Whitaker da Terry Nation, kuma abin mamaki babu Dakta a ciki, babu TARDIS, akwatin da yake tafiya cikin zamani da shi. A Disambar 1974 aka yi Seven Keys to Doomsday a gidan wasa na Adelphi, Terrance Dicks ya rubuta, Trevor Martin ya fito a Dakta. A 1989 The Ultimate Adventure ya zagaya garuruwan Birtaniya, Jon Pertwee ya fara a matsayin Dakta, Colin Baker ya ƙarasa.

Na 1974 ɗin yana da darasi. Trevor Martin bai taɓa zama Dakta a talabijin ba, amma 'yan kallo suka karɓe shi, domin an nuna musu sauyin jikin a farkon wasa. Abokan tafiyarsa biyu kuma daga cikin kujerun 'yan kallo suka taso suka hau dandali. Wannan abu ne da talabijin ba zai iya ba.

'Yan sa-kai fa, me suka yi?

Abin da suka fi shahara da shi shi ne raya labaran da suka ɓata. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tef-tef don sake amfani da su, ta kuma zubar da kwafen fim da yawa. Sakamakon haka kashi fiye da 90 na zamanin Hartnell da Troughton ba a da hotonsu har yau. Sautinsu dai ya tsira, saboda masoya shirin da suka riƙa ɗauka da rikoda a gida lokacin da ake nunawa. Jefi-jefi akan tsinci wasu. A 2013 aka sanar da gano kashi tara a wata tashar talabijin a Jos, cikinsu har da huɗu na The Web of Fear.

To wannan giɓi ne 'yan sa-kai suka shiga. A garin Portsmouth da ke kudancin Ingila, wata ƙungiya ta kai The Web of Fear dandali a 2000, Fury from the Deep a 2002, The Evil of the Daleks a 2006, sannan The Dalek Masterplan a 2007, da Nick Scovell a matsayin Dakta. Ga da yawa daga cikin waɗanda suka je, wannan ne karo na farko da suka ga waɗannan labarai a cike suna motsi, domin kafin nan mafi yawansu sauti da 'yan hotuna kawai aka sani. A yankin Mancesta, ƙungiyar Hyde Fundraisers ta shirya The Trial of Davros a 1993 da kuma 2005 domin tara kuɗin taimako, har Terry Molloy, wanda ya fito a Davros, ɗaya daga cikin mugayen shirin, a talabijin, ya hau dandali tare da su a wasan 2005. A 2019 ɗaliban jami'ar Central Lancashire da ke Preston suka sake ɗaukar ɓataccen kashin nan na 1965, Mission to the Unknown, da salon kayan aikin wancan zamani. Wannan na kyamara ne ba na dandali ba, amma ruhin ɗaya ne.

A Amurka ma akwai makamancinsa da wani shirin daban: daga 2009 zuwa 2013 wata ƙungiya a Portland ta jihar Oregon ta riƙa wasa tsofaffin labaran Star Trek a filin shaƙatawa, a sarari, kyauta.

Sai mun nemi izini?

Ƙwarai kuwa. Kuma a fara da wannan, kafin a sayi ƙusa ko ɗaya.

Matsalar ita ce mai haƙƙin ba mutum ɗaya ba ne. BBC ke da sunan shirin, da Dakta, da akwatin TARDIS. Siffar akwatin ma sai da aka yi jayayya a kanta: BBC ta nemi yi mata rajista a matsayin tambarin kasuwanci a 1996, rundunar 'yan sandan Landan ta ƙi yarda tunda asali rumfar wayarsu ce, ofishin rajista ya yanke hukunci a 2002 ya ba BBC gaskiya. Amma a tsohon tsarin aiki, marubutan da ba ma'aikatan BBC ba sukan riƙe haƙƙin halittun da suka ƙirƙira. Don haka Dalek, shahararren dodon ƙarfen shirin, yana hannun magadan Terry Nation, wanda ya rasu a 1997. Cybermen na Kit Pedler da Gerry Davis ne, karen ƙarfe K9 na Bob Baker da Dave Martin, Yeti na Mervyn Haisman da Henry Lincoln. Shi kansa rubutun labarin yana da mai shi. Kiɗan buɗe shiri, wanda Ron Grainer ya tsara, shi ma da nasa lasisin.

A dokar Birtaniya ta 1988 da gyare-gyarenta, haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ke nan babu wani ɓangare na wannan shiri da ya zama na kowa da kowa. Wasu ƙasashen lissafinsu ya bambanta, sai ku duba dokar inda kuke.

In za ku rubuta takardar neman izini, ku faɗi komai: sunan ƙungiya, wurin wasa, yawan kujeru, dare nawa, kuɗin tikiti, inda ribar za ta tafi, da ko kun taɓa rubutun. Ku ba abin watanni. Kuma shiru ba amincewa ba ne. Don wasu sun samu izini shekara ashirin da suka wuce, ba shi ne ku ma za ku samu ba.

Ko da ba ma karɓar kuɗi, ko kuɗin na taimako ne?

Ko da hakan. Wasa a gaban jama'a wasa ne a gaban jama'a, da tikiti ko babu. Niyyar taimako tana iya tausasa zuciyar mai haƙƙi, amma ba ta maye gurbin amincewarsa. Masoya Star Trek sun ga haka a ƙarshen 2015, lokacin da CBS da Paramount suka kai masu shirya fim ɗin sa-kai na Axanar kotu, daga baya kuma kamfanonin suka fitar da ƙa'idojin da suka taƙaita tsawon irin waɗannan finafinai.

Tun Oktoban 2014 dokar Birtaniya ta ba da ɗan sarari ga kwaikwayon barkwanci da shaguɓe. Sararin ƙarami ne. Ɗaukar labari sukutum a yayyafa masa raha biyu bai mai da shi shaguɓe ba.

Idan an hana mu, shi ke nan?

A'a, kuma sau da yawa a nan ne wasan ke fara kyau. Ba wanda ya mallaki tunanin tafiya cikin zamani. Baƙo mai ban mamaki, na'urar da ba ta jin magana, abokiyar tafiya mai yawan tambaya, duk kuna iya gina naku muddin suna, siffa da labari naku ne. H. G. Wells ya wallafa The Time Machine a 1895, ya rasu a 1946, saboda haka tun farkon 2017 littafin ya fita daga haƙƙin mallaka a Birtaniya, kowa na iya mai da shi wasa.

Akwai kuma wasannin da tun farko don dandali aka rubuta su, waɗanda ake samun lasisinsu ta hanyar da ƙungiyoyin sa-kai suka saba. J. B. Priestley ya yi wasa da jerin lokaci a Time and the Conways na 1937. Alan Ayckbourn a Communicating Doors na 1994 ya sa ƙofa guda a ɗakin otal ta riƙa mai da mutum shekara ashirin baya. Ƙofa ce kawai, ba fitila mai walƙiya, ba hayaƙi, kuma tana aiki.

Ta yaya za mu nuna cewa an tsallaka daga wannan zamani zuwa wancan?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma a nan ƙungiyoyi suka fi ɓata kuɗi. Talabijin yana yanke hoto, cikin ƙiftawar ido an koma shekara ɗari biyar baya. Ku ba ku da almakashi. Abin da kuke da shi ya fi almakashi: ɗan kallon dandali ya zo da niyyar yarda. In aka gaya masa sarai cewa yanzu ana wata shekara, zai yarda, muddin ba a riƙa sauya masa ƙa'ida ba.

Don haka ku zaɓi alama ɗaya ta tsallakawa, ku koya wa 'yan kallo ita a minti goma na farko, kada ku canza ta har a rufe labule. Misali: fitilu su dusashe zuwa shuɗi, wani sauti ya tashi na daƙiƙa biyar, 'yan wasa su ƙame, sannan haske ya dawo da wani launi. A karo na farko wani a cikin wasan ya faɗi abin da ya faru. A karo na biyu ba sai an faɗa ba. A karo na huɗu, da sautin ya fara, za ku ji ɗakin ya yi tsit tun kafin haske ya motsa.

Kowane zamani a ba shi launin haskensa da sautin bayansa. Zamanin da ba lantarki, haske mai ɗumi kamar na kyandir, da ƙarar kofaton doki can nesa. Zamani mai zuwa, farin haske mai sanyi da gunjin inji ƙasa-ƙasa wanda ba ya yankewa. Kunne ya fi ido saurin gane an sauya wuri.

Kayan dandali kuma a rage su. Abu guda da ke nan a kowane zamani amma yana tsufa ya fi bango uku da ake turawa. A ce kujera ce: a fitowa ta farko sabuwa fil, kafinta na goge ta; a ta biyu an ɗaure ƙafarta da waya; a ta uku tana bayan igiya a gidan tarihi da ɗan allo a gabanta. Kujeru uku iri ɗaya kawai kuke bukata, kuma ɗan kallo ya ga shekara ɗari uku sun wuce ba tare da an furta ba.

In dole sai bango ya sauya, akwai tsohuwar dabarar Girkawa: ginshiƙai masu fuska uku, kowace fuska da zanenta, a jera su a juya su tare. Akwai kuma labule shara-shara, wanda in an haska shi daga gaba yake zama kamar bango, in an haska abin da ke bayansa sai ya zama kamar babu shi. Da shi ana iya nuna zamani biyu a lokaci guda, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Majigi yana da amfani wajen rubuta shekara da wuri, amma ban cika son a jingina wasa kacokan a kansa ba. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, wasan ya tafi da ita.

Abin da ke kashe irin wannan wasa shi ne dogon duhu. In sauya fitowa ya wuce rabin minti ana jin takun masu ɗaukar kaya da raɗa, an fita daga labari. Ku yi gwajin sauyin kaya kamar yadda kuke gwajin magana, da agogo a hannu.

Akwatin da cikinsa ya fi wajensa girma fa?

Kada ku yi ƙoƙarin tabbatar da shi, ku bar 'yan kallo su haɗa da kansu. A ajiye akwatin a gefen dandali, bayansa a buɗe yana manne da labulen gefe. 'Yan wasa su shiga ta ƙofarsa, haske ya ɗauke daga kansa, ya kama tsakiyar dandali inda teburin sarrafawa yake, su kuma su shigo ta wata ƙofar suna ci gaba da maganar da suka fara a waje. Ci gaban maganar nan shi ne sirrin. Sannan tunda bayan a buɗe yake, mutum takwas suna iya fitowa daga akwatin da bai fi cin biyu ba, kuma wannan ba ya taɓa kasa jawo dariya.

A yi shi da katako mara nauyi, bango huɗu masu haɗuwa da ƙugiya. Ku auna ƙofar gidan wasan kafin ku fara. Ana yin kyakkyawan akwati a gareji, ranar kai shi a tarar ba ya shiga.

Dodanni fa? Ba za su zama abin dariya ba?

Za su zama, in an haska su da yawa. Dalek na asali, wanda Raymond Cusick ya zana a 1963, mutum ne a zaune a ciki yana tura shi da ƙafa a kan ƙananan tayoyi, hannunsa ɗaya kuma robar zuƙe toshewar bututu ce. Duk da haka yara sun riƙa ɓuya bayan kujera. Abin da ya sa shi ban tsoro shi ne murya, da yadda yake sulalawa ba a ganin ƙafa, da yadda sauran 'yan wasa ke firgita da shi. Na ukun nan kyauta ne.

In kun samu izinin amfani da shi, ku tuna wanda ke ciki ba ya gani sosai, zafi kuma yana damunsa. A manna tef mai haske a ƙasa ya nuna masa hanya, a sa katako a bakin dandali kada ya gangara kan layin gaba, a kuma duba ko dandalin yana da gangara, domin tsofaffin gidajen wasa da yawa an gina su da ɗan tudu daga baya. Mai muryar ya zauna inda yake ganin dandali, fitilun kan Dalek su riƙa kamawa daidai da kalmominsa, in ba haka ba ba a sanin wanne ke magana in sun kai uku.

Akwai dodannin da kamar don dandali aka yi su. Gumakan mala'iku na labarin Blink na 2007 ba sa motsi sai an kau da ido. A dandali wannan na nufin ɗan wasa mai iya ƙamewa da mai fitila mai saurin hannu: duhu na daƙiƙa biyu, haske ya dawo, gunkin ya matso taku uku. Labarin Midnight na 2008 ya fi haka sauƙi, domin ba a ganin dodon ko sau ɗaya. Mutane ne a kulle a mota guda, ana ƙwanƙwasa bango daga waje, sai wata mata ta fara maimaita duk abin da aka faɗa. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi suka sha kai shi dandali. Sai dai maimaitawar nan, musamman inda muryoyi biyu ke tafiya tare kalma da kalma, tana cin gwaji ba kaɗan ba.

Sauti: mu ɗauko na shirin ko mu yi namu?

Na shirin yana da masu shi, sai da lasisi. Yin naku ya fi daɗi, kuma haka na asalin ma aka yi. Brian Hodgson ya samo ƙarar tashin TARDIS ne ta hanyar goga makullin gida a kan wayoyin wani tsohon piyano, sannan ya sarrafa abin a tef. Delia Derbyshire ta haɗa kiɗan buɗe shiri a 1963 da yanka tef guntu-guntu, sauti ɗaya bayan ɗaya. Yau wayar hannu da manhajar gyaran sauti ta kyauta sun isa: ku ɗauki ƙarar ƙofar ƙarfe, ku rage mata gudu, ku juya ta baya, ku ƙara amsa-kuwwa.

Mai kula da sauti ya halarci gwaji tun daga tsakiya, ba makon ƙarshe ba. A irin wannan wasa shi ma ɗan wasa ne.

Ɗan wasanmu ya kwaikwayi jarumin talabijin, ko ya yi nasa?

Ya yi nasa. Kwaikwayon murya da tafiya yana burge mutane na minti biyar, daga nan sai su koma lissafin inda bai yi kama ba. Dogon ƙyallen wuya irin na Tom Baker, Dakta na huɗu, yana jawo tafi in an fito, amma ba ya riƙe wasan awa biyu. Abin da ake bukata shi ne halin: mutumin da ya fi kowa sani a ɗakin amma ya fi kowa zumuɗi, mai raha a bakin halaka, wanda in ya yi fushi kowa ke shiru. In ɗan wasa ya kama wannan, ko da rigar aro ya fito za a bi shi.

Abokin tafiya kuma kada a raina matsayinsa. Shi ne wakilin ɗan kallo, shi ke tambayar abin da ke ran kowa. A ba wa wanda ya iya saurare.

Yaya ake matse labari mai kashi shida ko goma sha biyu ya zama wasan dare ɗaya?

Da wuƙa mai kaifi. The Daleks' Master Plan kashi 12 ne, wajen awa biyar. Tsofaffin labaran cike suke da kamawa, tserewa, sake kamawa, domin a cika mako. Duk wannan ya tafi. Taurari uku masu aiki iri ɗaya a haɗe su su zama ɗaya. Wurare goma su koma uku. Kowane kashi a talabijin yana ƙarewa da jarumi a bakin haɗari don a dawo mako mai zuwa. Ku zaɓi mafi ƙarfi guda ɗaya ku ajiye shi daidai hutun rabin lokaci, sauran su narke cikin labari. In yarjejeniyarku ta ce ba a taɓa rubutu, to sai an koma an nemi amincewa kafin a yanke.

In sabon labari kuke rubutawa, ku yanke shawara tun farko: ana iya sauya abin da ya wuce, ko ba a iyawa? Tsohuwar matsalar nan ta wanda ya koma baya ya hana kakansa haihuwar ubansa ba ta da amsa guda, kowane labari da dokarsa. Ku kafa taku, wani ya faɗe ta da wuri cikin jimla ɗaya, ku tsaya a kanta. Ɗan kallon talabijin yana iya mayar da hoto baya ya sake gani. Naku ba ya iyawa. Ku zana jerin abubuwan a babbar takarda iri biyu, yadda suka faru a tarihi da yadda ɗan kallo zai gan su, ku manna a ɗakin gwaji. Za ku yi mamakin yawan gardamar da takardar nan za ta kashe.

Wanda bai taɓa kallon shirin ba zai fahimta?

Dole ya fahimta, domin rabin kujerunku 'yan'uwa da abokan 'yan wasa ne, ba masoya shirin ba. Ku gayyato mutum ɗaya da bai san komai a kai ba ya kalli gwaji, sannan ya ba ku labarin da bakinsa. Inda ya ɓata, nan ne gyara yake. Barkwancin da sai tsohon masoyi ke ganewa a bar shi kamar gishiri a miya.

Hayaƙi da fitila mai walƙiya suna da haɗari?

Suna da shi. Haske mai walƙiya da sauri, musamman fiye da sau uku a daƙiƙa, yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. A rubuta gargaɗi a jikin tikiti da bakin ƙofa, a kuma taƙaita shi. Injin hayaƙi yana iya tayar da ƙararrawar gobara, yana kuma takura masu asma, don haka a yi magana da masu gidan wasa tukuna. Busasshiyar ƙanƙara, mai ba da hazon da ke kwanciya a ƙasa, sanyinta ya kai kusan digiri 78 ƙasa da sifili: ba a taɓa ta da hannu tsirara, ba a rufe ta a mazubi mai toshe iska, kuma kada ɗan wasa ya kwanta a cikin hazon, domin iskar da take fitarwa tana taruwa a ƙasa. In akwai yara a cikin wasan, a Ingila ƙaramar hukuma ce ke kula da lasisin fitowarsu da batun masu rakiya. A tambayi inshora ma.

Muna iya ɗauka mu sa a YouTube?

Izinin wasa daban, izinin ɗauka da yaɗawa daban. In takardarku ba ta ambace shi ba, ku ɗauka babu.

Kuɗinmu kaɗan ne. Ina ya kamata su tafi?

Bayan lasisi da hayar wuri, sai sauti: lasifika biyu masu kyau da makirufo ga duk mai magana daga cikin abin rufe fuska. Sannan fitilu, ko da na haya ne na mako guda. Sannan abu guda da za a yi shi da kyau ƙwarai, wanda ido zai sauka a kai da an buɗe labule, yawanci akwatin ko teburin sarrafawa. Sutura ta zo daga baya, kuma mafi yawanta ana samu a kayan gwanjo da ɗakin ajiyar wasu ƙungiyoyin; a Birtaniya ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin NODA, uwar ƙungiyar masu wasan sa-kai wadda aka kafa a 1899, da Little Theatre Guild sun saba ara wa juna kaya. Ku ware wani abu don gyaran gaggawa, domin tayar Dalek ba ta karyewa sai ana saura awa ɗaya a buɗe ƙofa. A akwatin kayan aiki na bayan labule kada a rasa tayoyi biyu na ajiya, baƙin tef mai ƙarfi, batura, da tocila mai shuɗin haske wadda ba a hango ta daga kujeru.